Kun Tambaya, Mun Amsa: Gubar Ƙarfe a Kogi da Kifin da Muke Ci

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan kifi suke da ruwan da yake rayuwa a ciki. Mun tsinci bakwai, mun taƙaita tambayoyin, ga kuma amsoshin masana kimiyyar ruwa da kiwon kifi da ke taya mu wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana kan sayo mana tarwaɗa a hannun masunta a bakin kogin Challawa, can ƙasa da kamfanonin fata. Maƙwabciyata ta ce in dai na wanke ta da ruwan zafi da lemon tsami, na soya ta ta soyu, ba wata guba da za ta rage. Haka ne? (Wata uwargida daga Kumbotso, Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ruwan zafi da lemon tsami yauƙi da ƙarni suke cirewa, wuta kuma tana kashe ƙwayoyin cuta ne don suna da rai. Dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam kuwa ƙarafa ne, ba su da rai balle su mutu. Ko kin soya kifin har ya ƙone, abin da ke cikinsa yana nan daram. Ba su da wari, harshe ba ya jin su, kuma kifin da ya tara su sau da yawa lafiyarsa ƙalau a ido, yana ta wutsil-wutsil a cikin daro.

Wuƙarki ce za ta yi miki aikin da wuta ta kasa, domin ƙarafan ba a ko'ina suke zama a jikin kifi ba. Dalma da kadmiyam da kuromiyam sun fi taruwa a hanta da hanji da ƙoda, da kuma jan abin nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin kunnen kifi, wanda yake numfashi da shi. Dalma tana bin ƙashi da ƙaya ma, don jiki yana ɗaukar ta kamar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Tsoka ce ke da mafi ƙaranci. Don haka ki farke cikin a hankali, ki kwashe kayan ciki gaba ɗaya ba tare da sun fashe ba, ki fizge abin numfashin, sannan ki sa cokali ki kankare baƙin abin nan mai kama da daskararren jini da ke manne a ƙashin baya. Ƙodar kifin ke nan, mutane da yawa ba su sani ba, da ita suke dafawa. Farfesun kan tarwaɗa mun san shi ne daɗin, amma in ruwan da ta fito akwai shakku a kansa, a haƙura da kan. Kayan cikin a binne su, kada a watsa wa kaji. Zaiba ce kaɗai ta fita zakka, ita a tsoka take zama, bayaninta na gaba.

Game da wurin da kika ambata, damuwarki na kan hanya. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kamfanonin zamani kuwa da gishirin kuromiyam. Fata takan sha kamar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da aka zuba mata, ragowar ya bi ruwan wanki. Na Sharaɗa da na unguwar masana'antu ta Challawa yana gangarawa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano wajen Tamburawa ya nufi Wudil. Na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya je ya kwanta a madatsar Wasai. Ƙarfe ba ya daɗewa yana yawo a ruwa. Yakan manne wa laka ya nutse, ita kuma tarwaɗa a laka take kiwo. Da rani abin ya fi tsanani, don ruwan kogi ya ja baya amma magudanun kamfani ba su daina zuba ba. Madatsar Tiga da ta Challawa da ke Ƙaraye duk suna sama da masana'antun nan. Maigida ya riƙa tambayar daga ina kifin ya fito, ba nawa kaɗai ba.

Tambaya: Ni masunci ne, su na gada kaka da kakanni. Yarona da ke karatu ya ce wai giwan ruwa da tsage sun fi ƙananan kifi guba saboda masu wankin zinare. Yaya za a yi babban kifi mai tsada ya fi ɗan kawara lahani, alhali ruwa ɗaya suke sha? (Wani masunci daga Yawuri)

Amsa: Baba, ruwa ɗaya suke sha, abinci ne ya raba su. Yaron naka yana da gaskiya.

Masu haƙar zinare suna niƙa dutse su wanke, sai su zuba zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ta kama zinaren ya zama ɗan curi mai ƙyalli. Su ɗora curin a wuta, zaibar ta tashi tururi, zinaren ya rage. Wani kason zaibar yana bin ruwan wanki ya shiga rafi, wanda ya tashi sama kuma ruwan sama ya dawo da shi. A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, irin wannan ƙaramin haƙar zinare shi ke da alhakin fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska.

Babbar matsalar a ƙasan ruwa take farawa. A cikin baƙar lakar da iska ba ta shiga akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke juya zaiba ta koma wani nau'i mai suna metil-makuri. Shi wannan yana shiga jiki da sauƙi, ya kama tsoka, fitarsa kuwa sai a hankali. Gansakuka da 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa su ɗauka, ƙwari su ci su, ƙananan kifi su ci ƙwari, manya su haɗiye ƙanana. Kafin giwan ruwa ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa sai ya ci kilo biyar zuwa goma na ƙananan kifi. Naman ya narke ya wuce, zaibar da ke cikinsu kusan duk ta zauna. Haka yake yi shekara da shekaru. Shi ya sa ruwan da in an auna da kyar a ga zaiba a cikinsa yake iya fitar da kifin da ya ninka shi sau miliyan.

Ka fi mu sanin masu cin 'yan uwansu: giwan ruwa, tsage, yauni, ragon ruwa, tufi, da tarwaɗar da ta manyanta. Karfasa da bargi da falia da burdo, masu cin ganye da gansakuka da dattin ƙasa, su ne a ƙasan layi. A cikin jinsi ɗaya ma, tsoho ya fi yaro.

Kada ka ɗauka duk giwan ruwa guba ne. Kifin manyan koguna da tafkunan Afirka da aka auna galibi yana ƙasa da iyakar da aka gindaya. Inda abin ke ɓaci shi ne ƙasa da wuraren wankin zinare, kamar yadda ake kuka da kogunan Pra da Offin da Ankobra a Ghana. Abin da ya sa masana ba sa wasa da maganar shi ne Minamata, wani garin masunta a Japan. Kamfanin Chisso ya yi ta zuba ruwa mai zaiba a gaɓar tekun garin daga 1932 zuwa 1968. Kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa da leɓe su mutu, gani ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, tafiya ta koma ta maye, magana ta sarƙe. Wasu matan lafiyarsu lau, amma suka haifi 'ya'ya da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Mutum sama da 2,000 hukuma ta amince cutar ta kama. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018.

Abin da ke hannunku: ku san rafukan da ake wanki a kansu, ku kafa raga sama da mashigarsu. Sarkin Ruwa kuma yana da bakin magana da masu haƙa, su yi wanki a rami nesa da gaɓa, su ƙona curin a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu da ke sanyaya tururin ya dawo zaiba. Riba ce a gare su ma, tunda saye suke yi, kuma huhunsu ne ke fara shaƙa.

Tambaya: Gubar dalma da ta kashe yara a Zamfara, ta kifi ta shiga jikinsu? (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: A'a, Malam, ta ƙura ce. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, kuma a cikin gida ake daka shi a niƙa. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara sama da 400 suka rasu. An sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Inda kifi ya shigo shi ne kududdufan da aka wanke dutsen a ciki: lakarsu ta sha dalma, kuma dalma ba ta ruɓewa komai daɗewa. Kududdufin da aka taɓa wanki a ciki, kada a yi su a cikinsa, kada a shayar da dabba, kada a bar yara su yi wanka. Tafasa ruwan ma ba ya magani, sai dai ya ƙafe ya bar gubar ta ƙara kauri.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, kuma ina son kifi ƙwarai. In daina ci ne har in haihu? In ba haka ba, nawa zan ci? (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya raba lafiya, Malama. Kada ki daina. Kitsen kifi na daga cikin abin da ke gina ƙwaƙwalwar jariri da idonsa, kuma hukumomin lafiya na Amurka, da duk tsantseninsu, suna ba mai ciki shawarar ta ci kimanin giram 230 zuwa 340 a mako, wato sau biyu ko uku, na kifin da zaibarsa kaɗan ce. Karfasa na ciki, haka tarwaɗar kiwo da aka ciyar da abinci mai kyau, da sukumbiya da shawa na ƙanƙara, da sadin na gwangwani.

Ga lissafin da zai nuna miki dalilin zaɓen. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyaka a 2003: mikrogiram 1.6 na metil-makuri a mako ga kowane kilo na nauyin mutum. Mikrogiram kashi ɗaya ne bisa miliyan na giram. Mace mai kilo 60, rabonta mikrogiram 96 ke nan a mako. Kifin da ke da miligiram 0.5 a kilo, wanda ita ce iyakar da ƙasashe da dama ke amfani da ita, giram 192 kacal ya cika mata wannan rabo, yanka biyu matsakaita. Wanda ke da 0.05 kuwa sai ta ci kusan kilo biyu. Yaro mai kilo 15, giram 48 na kifin farko ya ishe shi mako guda. To kin ga bambancin yana wajen irin kifin.

Jiki kan fitar da rabin zaibar da ya ɗauka cikin kamar wata biyu, don haka yankan giwan ruwa ɗaya a gidan biki ba abin tashin hankali ba ne; na kullum-kullum shi ake gudu. Kadmiyam ya fi naci, yakan yi shekara 10 zuwa 30 a ƙoda. Dalma kuwa ba ta da wani adadi da aka ce ba ya cutarwa, tana ɓuya a ƙashi, ta fito lokacin goyon ciki ta ratsa zuwa ga jariri. Ki riƙe maganin ƙarin jinin da ake ba ku a wajen awo, domin hanjin wanda jininsa ya yi ƙasa ya fi zuƙar dalma da kadmiyam. Madara ba ta wanke su, duk da abin da ake faɗa. Maganin cire dalma daga jini akwai shi, amma likita ne ke ba da shi bayan gwaji.

Tunda magana ta kawo mu nan: mata da yawa, abin da ke kan madubinsu ya fi kifi kusa da su. Kwallin dutse na gargajiya galibi dalma ce a cikinsa, kuma har jarirai ake rambaɗa wa. Wasu mayukan bilicin ma da zaiba ake haɗa su.

Tambaya: Banda fa? Hayaƙi ba ya rage gubar? (Wani ɗan kasuwar kifi daga Haɗeja)

Amsa: Ba ya ragewa, Alhaji. Ɗanyen kifi kusan kashi uku bisa huɗunsa ruwa ne. In an yi banda ruwan ne ke tafiya, ƙarfen ya tsaya, sai giram 100 na banda ya ɗauki abin da ke cikin giram 300 ko 400 na ɗanye. Ƙananan kifin da ake busarwa da kai da kayan ciki a daka a miya, har hanta da ƙaya ake ci, don haka asalin ruwansu ya fi na kowa muhimmanci. Wajen bandar kanta ma ana ƙara wata gubar: katako mai fenti, tsofaffin tayoyi, roba, ko ragar ƙarfe mai fenti. Itace tsantsa za a hura, a kuma farke manyan kifi kafin a ɗora.

Tambaya: Ina da tafkunan kiwon tarwaɗa huɗu a gefen kogin Kaduna, ƙasa da Kakuri, kuma daga kogin nake jan ruwa da inji. Ta yaya zan san ko kifina na da matsala? In yana da ita, in na sa shi a ruwan burtsatse kwana uku kafin sayarwa zai wanke? (Wani mai kiwon kifi daga Kaduna)

Amsa: Kwana uku zai zubar da abin da ke hanji ya rage warin laka, shi ke nan, Malam. Abin da ya shiga hanta da ƙoda sai makonni ko watanni, zaibar tsoka kuwa tana iya wuce shekara. Sani kuma sai da gwaji. Launin ruwa da ƙibar kifi ba sa nuna komai. Sassan kimiyyar sinadarai na manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero su ne wurin fara tambaya, kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa ta jihar Neja aikinta ke nan. Na'urar da aka fi amfani da ita wajen auna yawan ƙarfe a samfur ana ce mata AAS.

Yawancin kuskure wajen ɗibar samfur ake yin sa. Abu huɗu za ka kai: ruwa, laka, kifi, da abincin da kake ba su. Ruwa a robar da ɗakin gwajin ya ba ka, wadda aka wanke da asid, kuma su za su ɗiga masa asid don kada ƙarfen ya manne a jikin robar. Ka ɗiba a bakin bututun da ke shigo da ruwa da kuma cikin tafki. Laka ka ɗebi ta sama, zurfin santimita 5 zuwa 10, da cokalin roba, daga wurare uku ko huɗu ka haɗa. Kifi biyar zuwa goma masu girman sayarwa, a leda mai tsabta a kan ƙanƙara, ba tare da ka yanka ba, don wuƙa mai tsatsa na iya ɓata sakamakon. Ka ce a auna tsoka daban, hanta daban. In kana son a duba zaiba ka faɗa tun farko, domin hanyar awonta daban ce, ta tururi mai sanyi, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba.

In sakamako ya fito, tambaya ta farko ita ce: a kan ɗanyen nauyi aka lissafa ko busasshe? Iyakokin duk na ɗanyen nama ne: dalma miligiram 0.3 a kilo, zaiba 0.5, kadmiyam 0.05 a ƙa'idar Tarayyar Turai. Ɗakunan gwaji da yawa busar da naman suke yi kafin awo, to sai ka raba adadin gida huɗu ko biyar kafin ka kwatanta. Rashin yin haka ya sha tayar da hankalin mutane a banza. Na ruwa kuma ka gwada shi da ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya: dalma miligiram 0.01 a lita, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. Ka yi gwajin sau biyu, ƙarshen rani da tsakiyar damina.

Kafin nan, ka ɗaga bakin tiyo daga ƙasan kogi don kada ya zuƙo laka. Ka tara ruwan a tanki ko rami na daban ya kwana ɗaya ko biyu ya kwanta, sannan ka tsiyaye na sama. Wannan yana rage wanda ke manne da laka, narkakken dai yana nan. Kada ka ja ruwa a kwanakin ruwan farko. Ka sayi takardar awon tsami ka riƙe ruwan tafki tsakanin 6.5 da 8.5, don ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfen da ya riga ya kwanta; farar ƙasa ta noma ke gyara shi. Ka guji gangunan da aka taɓa zuba sinadari, da tsohon batir kusa da tafki. In kana haɗa abinci da kanka, kada ka yarda da tarkacen fatar kamfani a matsayin furotin mai araha. A Bangladesh an yi haka, kuromiyam ya bi abincin ya shiga kaji da kifi. In gwaji ya nuna ruwan kogin ne, ka koma burtsatse, ka kwashe lakar tafkin amma kada ka zuba ta a gonar alayyafo ko latas, sannan ka kai takardar sakamakon ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Ƙorafi mai takarda ya fi na baki nauyi.

Tambaya: Duk shekara in an yi ruwan farko sai mu ga kifi ya taso sama birjik a mace, yara su yi ta kwasa. Ƙarafan nan ne ke kashe shi? A ci? (Wani mai unguwa daga Wudil)

Amsa: Ranka ya daɗe, a hana yaran. Galibi ba ƙarafan ba ne, su a hankali suke aiki. Ruwan farko yana wanko dattin da ya taru a magudanu tun kaka, ya tayar da ruɓaɓɓiyar laka, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare cikin 'yan sa'o'i, kifi ya shaƙe. Za ka gan shi da asuba yana buɗe baki a saman ruwa kafin ya juya ciki sama. Sai dai wannan ruwan shi ne mafi ƙazanta a duk shekara, kuma ido ba ya raba kifin da ya shaƙe da wanda sinadarin kamfani ko maganin ƙwari ya kashe, ga shi ba a san sa'ar da ya mutu ba. A tara shi a haƙa rami nesa da rijiya a binne. In da hali, a ɗebi ruwan a roba mai tsabta a ranar, a sa kifi biyu ko uku a ƙanƙara a kai wa jami'an muhalli, domin bayan kwana biyu ruwan da ya yi ɓarnar ya riga ya wuce Ringim.